Kundin cikin waya da amanar da muke zubawa a cikinsa

Kakana ya rasu ya bar gonaki biyu da 'yan tumaki da gafaka ɗaya. An raba gonaki da tumaki yadda shari'a ta ce, gafakar kuwa ta yi ta yawo a hannun iyayenmu har ta faɗo wurina, don an ga ni ne mai yawan duba takarda. Kundinsa ne a ciki. Fallayen takarda ne barkatai, ba ɗinki ba bango, wasu sun yi jajir saboda hayaƙi, gara ta ɗan lashi gefen wasu. Da ajami ya rubuta, da tawadar da yake haɗawa da kansa. Akwai addu'o'i, akwai haɗin maganin dabbobi, akwai ranakun haihuwar 'ya'yansa, akwai labarin shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri har gero ya bushe a tsaye. Sai wasu fallaye shida da na daɗe ban gane kansu ba: harafi ɗaya ko biyu, sai ɗigo-ɗigo, sai wani ɗan zane kamar ƙaho ko fartanya. Gwaggona ce ta warware mini. Ta ce ai bashi ne. Mutanen da yake ba aron hatsi a tsakiyar damina ne, ya ƙi rubuta sunayensu sosai don kada wani ya buɗe ya gani. Wanda ya biya sai ya ja masa layi. Har ya koma ga Allah ba wanda ya san ko su wane ne.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Ina noma kamar kowa, kuma shekara biyar ke nan littafin ƙungiyarmu ta manoma yana hannuna. Nawa kundin ba ya cikin gafaka, yana aljihun riga. A waya nake rubuta ranar da ruwan shuka ya sauka, da irin riɗin da ya karɓi jigawarmu da wanda ya ƙi, da farashin buhun taki daga wata zuwa wata, da abin da na tsinta a wurin karatu tsakanin magariba da isha'i, da tsarin darasin da zan koyar. A nan ne kuma sunayen 'yan ƙungiya suke, da lambobin wayarsu, da wanda ya zuba da wanda ake bi. Na tabbata ba ni kaɗai ba ne. Mai kanti yana da nasa, uwar adashe tana da nata, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi yana da nasa, dillalin shanu ma haka.

Bara waccan, a cikin watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, wani dattijo ya yi mini sallama bayan isha'i. Bai yarda ya shigo zaure ba, a jikin katanga muka tsaya. Ya ce yana son ƙungiya ta ranta masa tiya goma ta gero zuwa kaka. Har ya juya sai ya dawo ya ce, "Malam, don Allah ya tsaya tsakaninmu. Ka san surukaina suna cikin ƙungiyar nan." Na ce, "Baba, kada ka ji komai." Da na shiga ɗaki na buɗe manhajar rubutun da ke wayata na rubuta cikakken sunansa da abin da ya karɓa. Bayan kamar mako guda wani yaro na gidanmu ya ari wayar zai kalli ƙwallo. Ba mugun yaro ba ne. Ya gama kallonsa ya shiga latse-latse, ya ga abin da ya gani, ya faɗa wa aboki ɗaya a teburin mai shayi. Kwana huɗu bayan nan sai ga dattijon nan da buhu a bayan keke. Ya ce, "Ga hatsinku, Malam. Na gode." Na ce, "Baba, ai ba a yi kaka ba." Ya ce, "Na sayar da akuyar." Bai ƙara kalma ko ɗaya ba. Har yau muna gaisawa, amma bai sake neman komai a wurina ba.

Tun daga ranar na daina ɗaukar zaɓen manhajar rubutu a matsayin maganar 'yan gayu ko ta masu ilimin kwamfuta. Magana ce ta rufin asiri, wanda shi ne abin da kowannenmu yake roƙo bayan kowace salla. Ra'ayina shi ne: kafin mutum ya dubi kyan manhaja ko sauƙinta, ya fara tambayar wa zai iya karanta abin da ya zuba a ciki, sannan ya tambayi ko rubutun zai rayu idan wayar ta mutu ko kamfanin ya rufe. Kakana bai san waya ba, amma ya amsa tambayar farko da ɗigo da zanen ƙaho, ya amsa ta biyu da fatar gafaka. Mu da muke da kayan aikin da suka fi nasa sau dubu, yawancinmu ko tambayar ba mu yi wa kanmu ba.

Na sha jin amsar da ake bayarwa idan na tayar da zancen a majalisa. Wani ya ce shi talaka ne, me Bature zai yi da lissafin geronsa. Wani ya ce wanda ba shi da laifi ba ya ɓoyo. Ban yarda da ko ɗaya ba. Dubi yadda muke gina gida: zaure, sannan soro na biyu, ƙofofin ba sa kallon juna, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Ba ɓarna ake yi a ciki ba, iyali ne kawai. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba izini ba sallama, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Ciki ma ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da ya fi damuna kuma shi ne, rabin abin da muke rubutawa ba namu ba ne. Sunan mai cin bashi, ciwon da wata ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya a ɓoye, lambar NIN ɗin manomin da ya ba ka don a sa shi a jerin masu samun taki, duk amana ce. Kana da ikon sakaci da naka asirin, ba ka da ikon yi da na wani.

Masu rubutu kan wannan batu sukan fara da manyan kamfanonin Amurka. A ƙauye ba daga nan haɗarin yake farawa ba. Je ka kasuwar Gujungu ranar Lahadi ka tsaya a rumfar mai caji. Wayoyi ne jere a kan tebur sun fi hamsin, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, janareta na ta ƙugi a baya, yaro ɗaya ne ke tsaron su, mai wayar kuma ya shige cikin kasuwa sai la'asar. Da yawansu ba kwaɗo, wasu kuma zanen buɗewar ya fito raɗau a gilashi saboda maiƙon yatsa. Na taɓa tsayawa ina jiran tawa na ga yaron yana juya hotunan wata wayar da ba tasa ba, hankali kwance, don shi a wurinsa ba laifi yake yi ba. Haka wurin gyara. Da ka miƙa za a ce, "Malam, cire mata lamba, in ba haka ba ba zan iya gwadawa ba." Ka cire, ka tafi, ka dawo gobe. Sannan ga babbar matsalar da ba a cika magana a kanta ba: mutane da yawa a wajenmu ba su ne suka buɗe akawun ɗin Google na wayarsu ba. Wanda ya sayar musu ko wani yaro a unguwa ne ya buɗe, shi ya zaɓi kalmar sirri, shi ya san ta, mai wayar bai sani ba. Duk abin da wayar ta tura can, a hannun wancan yake. Idan kuma da layin da ka daina amfani da shi aka buɗe, kamfanin waya na iya sayar wa wani layin, saƙon canza kalmar sirri kuma wurin sabon mai layin zai je.

Saboda haka ko wace manhaja mutum zai zaɓa, in bai sa wa wayarsa lamba mai ƙarfi ba, bai kashe ta kafin ya miƙa wa mai caji ba, bai karɓi ragamar akawun ɗinsa ba, to ya yi gini ne ba ƙofa.

Haɗarin na nesa ma yana nan, kuma mun ɗanɗana. Ba a manta da manhajojin ba da rance da suka riƙa kwashe lambobin da ke wayar mutum, idan ya makara da biya su tura wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. Abin ya kai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta shiga maganar a 2022, Google kuma daga ƙarshen watan Mayun 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane. Da me suka shiga? Da izinin da muka danna musu ba mu karanta ba. To irin wannan izinin ne wasu ƙananan manhajojin rubutu na kyauta suke nema, waɗanda ke cike da talla, ba ka san wanda ya ƙera su ba, ba ka san ƙasar da yake ba. Me littafin rubutu zai yi da lambobin abokanka, ko da sanin inda kake tsaye? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Hatta manya ba su tsira ba. A Disambar 2016 kamfanin Evernote, wanda yana cikin fitattun manhajojin rubutu na duniya, ya sanar da cewa zai ba wasu ma'aikatansa damar karanta rubutun mutane don inganta na'urarsa. Sai da jama'a suka yi caa sannan ya janye cikin 'yan kwanaki. Abin lura a nan shi ne yana da ikon karantawa tun farko, alkawari ne kawai ya tsare shi. A Yulin 2024 kuma FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kuma yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya yana cikin dalilan.

Na ambaci WhatsApp da gangan, domin shi ne ainihin littafin rubutun mutanenmu. Mutum ya tura wa kansa saƙo, ko ya buɗe zaure shi kaɗai yana zuba lissafi da murya. Gaskiya ne saƙonnin a kulle suke tafiya tun 2016. Amma kwafin da waya ke ajiyewa a Google Drive ba ya samun irin wannan kullin sai ka shiga ka kunna da kanka, damar da aka kawo a 2021. Kuma duk wanda ya ari wayarka, nan yake fara leƙawa. Ga shi bayan shekara guda in kana neman abin da ka rubuta kan tsutsar masara, sai ka yi ta ja da yatsa tsakanin hotunan biki da sanarwar rasuwa.

Kullin nan da nake ta ambata, mu da muka yi zaurance muna yara ba zai yi mana wuyar ganewa ba. Kana magana a gaban mutum, yana jin sauti, amma bai san me ka ce ba sai in ya san dabarar. Haka waya take juya rubutu da lissafi ya koma tarkacen haruffa, ba mai mayar da shi sai mai makulli. Kusan duk manyan kamfanoni suna yin wannan. Inda suka bambanta shi ne hannun da makullin yake. Google Keep, wadda ta fito a 2013, tana da sauƙi ƙwarai, kuma rubutunka a kulle yake a hanya da kuma a rumbunsu, sai dai makullin yana wurin kamfanin. Kamar ka kai hatsinka ajiya gidan wani attajiri ne mai katanga da masu gadi: ɓarawo ba zai shiga ba, amma maigidan yana iya buɗewa, wanda ya san kalmar sirrin akawun ɗinka ma haka. Akwai kuma waɗanda tun a cikin wayarka ake kulle rubutun kafin ya fita, abin da ke isa rumbun kamfani tarkace ne kawai, su kansu ba sa iya karantawa. Standard Notes haka take tun daga buɗewa, kuma tana da lambar kulle ta kanta ban da ta waya. Kamfanin Proton na ƙasar Suwizalan ya saye ta a Afrilun 2024. Notesnook, wadda aka ƙera a Pakistan, ita ma tun a waya take kulle rubutu. Joplin tana da irin wannan kulli, amma sai ka shiga saiti ka kunna, kuma kwafin da ya bar waya yake karewa. Dukkan ukun an baje yadda aka gina su a fili, duk mai ilimin abin yana iya dubawa ya ga ko abin da suka faɗa gaskiya ne. Ni ban iya dubawa ba, amma na fi natsuwa da mai awon da ya bar mudunsa a gaban jama'a.

Tambaya ta biyu, ta tsawon rai, ita ma na koye ta ne da wahala. Littafin ƙungiyarmu na takarda ya tafi a ambaliyar 2022, wadda ta ci garuruwa da gonaki da yawa a Jigawa. Ɗakin da yake ciki ya zauna, muka tono shi ya zama dunƙulen laka, lissafin shekara uku ya narke. Don haka duk mai ce mini a koma takarda kawai, ina girmama shi amma na ga iyakarta. Sai dai manhaja ma tana da tata ambaliyar. Evernote da na ambata, bayan wani kamfanin Italiya mai suna Bending Spoons ya saye ta, a Disambar 2023 aka taƙaita masu amfani da ita kyauta ga rubutu 50 da littafi ɗaya. Skiff, wadda ta yi suna wajen kulle rubutu da wasiƙu, kamfanin Notion ya saye ta a Fabrairun 2024, aka ba mutane wa'adi su kwashe kayansu kafin a rufe. Google kuma ya ce yana iya goge akawun ɗin da aka shekara biyu ba a taɓa ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Kuɗin wata-wata da ake biya da dala kuwa, malamin firamare bai isa ya ɗora wa kansa ba.

Abin da ya fi kama da fallayen kakana a duniyar waya shi ne rubutu tsura, wato fayil ɗin da ba komai a cikinsa sai haruffa. Kowace waya da kowace kwamfuta tana buɗe shi, da sabis ko ba sabis, yau ko bayan shekara ashirin. Ba shi da nauyi: shafi dubu bai wuce hoto ɗaya ko biyu ba. Obsidian, wadda ta fito a 2020, a kan wannan aka gina ta. Kowane rubutu fayil ne a cikin folda a wayarka, ba sai ka buɗe akawun ba, kuma tana bari ka ɗaure wannan rubutu da wancan, yadda in ka buɗe bayanin riɗi za ka ga hanyar zuwa bayanin taki da na farashin kasuwar Maigatari. Ba a baje gininta a fili ba, kuma ta fi jin daɗin waya mai ɗan ƙarfi. Ga mai ƙaramar waya akwai Markor, mara nauyi, ba talla ba akawun, ana samunta a F-Droid, wata rumfar manhajoji da ba ta ɗaukar sai waɗanda aka baje gininsu. Daɗin abin shi ne folda ɗaya ce, in ka gaji da wannan manhaja ka buɗe ta da waccan, ba abin da zai ɓata. Amma kada a ruɗu: rubutu tsura a buɗe yake. Ko ka sa wa manhajar kwaɗo, wanda ya samu wayar a buɗe yana iya bi ta wurin fayiloli ya karanta, wanda ya zare memori ma haka.

Shi ya sa na raba kundina gida biyu, kuma shawarar da nake ba duk wanda ya tambaye ni ke nan. Ilimi, wato noma da karatu da darasi da tarihin gidanmu da nake tsinta a bakin tsofaffi, yana cikin rubutu tsura. Wannan ko an gani ba wanda zai ji kunya, asararsa ce abin tsoro, don haka nake yawaita kwafinsa: duk Juma'a bayan an sauko ina kwafe foldar a memori, duk ƙarshen wata kuma in tura ta wayar ƙanena da ke aiki a Dutse, saboda ruwan da zai ci ɗakina kada ya ci duka. Amanar mutane kuwa tana cikin manhaja mai kulli tun daga waya, da lambarta daban wadda ba ta yi kama da ta buɗe wayar ba. A can ma na koma dabarar kakana, ba na rubuta cikakken sunan mai karɓar rance. Lambar katin banki da makamantanta ba sa shiga waya ko ta wace ƙofa.

Tsarin da nake bi a ɓangaren ilimin ba wani mai wuya ba ne. Magana ɗaya, fayil ɗaya. Sunan fayil yana farawa da shekara da wata, sannan batun, don su jeru da kansu. Foldoji huɗu kawai gare ni, domin na lura duk wanda ya yawaita rumbuna yakan manta inda ya zuba wake. Abu ɗaya da ya shafi mu masu rubuta Hausa: a wurin waya, ƙ da k haruffa ne daban, haka ɗ da d, da ɓ da b. In ka rubuta "ƙasa" yau da lanƙwasa, gobe ka nemi "kasa", mai yiwuwa ba za ta fito ba. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa da haruffanta, mutum ya sa shi ya tsaya a kan hanya ɗaya. Na yi wata guda ina gyara tsofaffin rubuce-rubucena saboda wannan.

Riƙe makulli da kanka yana da tsada, kuma rashin gaskiya ne in ɓoye. Manhajar da kamfaninta ba ya iya karanta rubutunka, ba ya kuma iya ceto ka ranar da ka manta kalmar sirri. A Standard Notes in ta ɓace maka, kuma ba wata na'urar da take buɗe, rubutun ya tafi ke nan. Sannan akwai mutuwa. A fallayen kakana shida, layi biyu ba a ja musu zane ba. Mutum biyu ba su biya ba, ko sun biya bai samu ja ba, ba wanda ya sani. Magada suka taru suka yafe, kuma hatsinsa ne, suna da iko. Amma hatsin ƙungiya ba nawa ba ne da iyalina za su yafe. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma manufar ita ce haƙƙi ya tabbata ko ba ran wanda ya rubuta. Kullin da zai binne haƙƙin mutane tare da ni bai cika amana ba. Abin da na yi shi ne na rubuta kalmar sirrin da fassarar alamomin sunaye a takarda, na sa a ambulan na liƙe, na sa hannu a kan liƙin. Shugaban ƙungiya da maiɗakina ne kawai suka san inda take da sharaɗin buɗe ta.

Ba na kuma zargin wanda ya zaɓi sauƙi. Na san wata malama a makarantarmu da aka ƙwace wa waya a Kano, ta sayi wata a Farm Centre, tana shigar da imel ɗinta duk rubutunta na Keep ya dawo. Da a folda kawai yake ba kwafi, da ta yi asara. Ga mai rubuta jerin cefane da tsarin darasi, wannan ya wadatar, muddin akawun ɗin nasa ne shi kaɗai. Inda nake ja shi ne a zuba asirin wasu a wurin da ba a san adadin masu makullinsa ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A watan Yunin 2023 shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar da za ta kula da ita, kuma dokar ta ba bayanan lafiya matsayi na musamman. Amma a ƙauye kusan duk wata sai an zo an ce a tara sunaye da lambobin NIN da na waya, na tallafi ko na taki ko na rigakafi, a ɗauki hoton takardar a tura zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu. Wanda ya aiko a tara ɗin ba ya taɓa faɗa wa magatakardan ƙungiya yadda zai adana su, ko ranar da zai goge. Ina ganin duk hukuma ko ƙungiyar da ta sa ɗan ƙauye tara bayanan mutane, wajibinta ne ta zaunar da shi ko na awa ɗaya ta koya masa wannan. Sannan duk manhajojin rubutun nan da na lissafa da Turanci na same su, alhali mafi yawan masu riƙe amanar mutane a wajenmu, irin su uwar adashe da mai kanti, Hausa suke karantawa, wasu ma ajami kawai. Irin su Joplin 'yan sa-kai ne suke fassara su zuwa harsuna. Muna da ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure, da Jami'ar Bayero. Aikin hutu ɗaya ne ga mutum biyar da suka san Hausa da kyau, kuma zai fi amfanar garinsu fiye da yawancin abin da ake rubutawa a ajiye a kabad don samun shaidar kammalawa.

Gafakar tana rataye a ɗakina, cikin leda biyu tun bayan ambaliya. A ranin da ya wuce na fara ɗaukar hoton kundin falle-falle don in samu kwafi, bayan na tabbatar na kashe abin da ke tura hotuna intanet da kansa. Na ɗauki addu'o'in, na ɗauki magungunan, na ɗauki ranakun haihuwa har da ta mahaifina. Da na zo kan fallaye shidan nan na daɗe riƙe da wayar. Masu sunayen sun rasu, amma jikokinsu suna nan, da su muke sahu ɗaya a masallaci, kuma gwaggona ta ce akwai tsofaffi biyu a garin da za su iya gane mai alamar ƙaho. Na mayar da su cikin gafakar ban ɗauka ba.